Kazar da Ba Ta Motsi

Ciwon da ke tafin ƙafar Baba Nicodemus bai fi murfin kwalbar lemo girma ba, amma shi ya riƙe gidanmu gaba ɗaya a bazarar nan. Baba surukina ne, mahaifin mijina Jona. Ya daɗe da ciwon suga har ya saba da shi, yana yi masa ba'a. Abin da ba mu sani ba shi ne ciwon ya riga ya kashe masa jijiyoyin ƙafa. Ƙusa ta huda takalminsa a hanyar dawowa daga coci, ya taka ta har gida bai ji komai ba. Ni na fara ganin jini a kan siminti, na ɗauka 'yata Gift ce ta yanke. Na kama yarinyar nan mai shekara uku ina juya ta gaba da baya, tana ta dariya, kafin na lura sawun na babban mutum ne.

A asibitin unguwarmu ta Gomari wata ma'aikaciyar jinya ce ta karɓe mu, Sista Ammatullahi. Mace ce mai fara'a, amma ba ta zagaye magana. Ta duba ƙafar, ta dube ni, ta ce tunda ni ce mai kula da shi in matso in koya. A wanke ciwon da ruwan gishirin asibiti, a tsane gefensa, a shafa wata zuma ta musamman da ake yi domin rauni, wadda take zuwa a cikin 'yar roba da ake matsawa kamar man goge baki, a rufe da auduga mai raga, a naɗe da farin bandeji. Kullum da safe.

"Sista," in ji Baba, "ni kun hana ni lasar zuma, yanzu ƙafata za ku ba?"

"Ita ba ta da baki, Baba, ba za ta yi mana gardama ba," in ji ta. Sai ta daina murmushi. "Abu biyu kawai. Kada ka taka ta, kada datti ya kusance ta. Idan ciwon nan ya ci ya kai ƙashi, ba ni za ku gani ba, likitan tiyata za ku gani. Shi kuma ba zuma yake shafawa ba."

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji. Daga ranar na zama soja a kan ƙafar Baba. Masu dubiya suka yi ta zuwa, kowa da maganinsa. Mama Margaret ta Zumuntar Mata ta ce a fasa ƙwayar maganin nan mai ja da rawaya a barbaɗa. Wani ya ce a gasa da ruwan zafi. Wani direba ya rantse da man birki. Duk na yi godiya, na raka su ƙofa, na dawo na ci gaba da abin da Sista ta ce.

Sai kuma kajina. A bayan gida Jona ya gina mini ɗaki mai raga, ina kiwon kajin nama, farare tas, guda ɗari. Bara zafi ya kashe mini kusan rabi a rana biyu, na zauna a bakin ɗakin na yi kuka kamar an yi mini rasuwa. Shi ya sa bana muka ɗora farantin sola a rufin, da batiri ɗaya, da fanka. A cikin gida kuwa sai yadda wutar lantarki ta ga dama, kuma a watan Afrilu ba ta cika ganin dama ba.

Wannan batirin ne ya jawo mana Ginika. 'Yar Polycarp ce, mai shagon da muke sayen abincin kaji, tana shekarar ƙarshe a jami'a, ɓangaren kwamfuta. A nan Maiduguri aka haife ta, Barbarcinta ya fi nawa nesa. Ta roƙe ni ta rataya kyamara a saman ɗakin kajin domin aikin kammala karatunta.

"Anti Serah, abin ba wuya," ta ce, tana tsaye a kan tsani da sukudireba a baki. "Na nuna wa injin hotunan kaji dubu-dubu har ya gane kaza. Zai riƙa ƙirga su, yana lura da wadda ta kwanta ba ta tashi, da lokacin da suka taru wuri ɗaya. Idan ya ga abin da bai yi masa ba, zai turo miki saƙo a waya. Hotunan kuma suna cikin ɗan kati, ranar Asabar nake zuwa in ɗauka."

Baba yana zaune a baranda da ƙafa a kan kujera, ya ɗaga murya. "Ke 'yar Polycarp, abin nan naki mutane ma yana ganinsu?"

"A'a Baba, kaji kawai ya sani. Ko gwamna ya shiga ba ruwansa da shi."

Baba ya gyaɗa kai, ya ce to madalla.

Ni ma'aikaciyar ofis ce a wata firamare, Gift tana bina tana zama ajin yara. Jona yana koyarwa can Old Maiduguri. Da rana Baba kaɗai ke gida. Kafin in fita nakan gyara masa ƙafa, in ajiye masa abinci da ruwa da rediyo kusa da gado, in ce ya kwanta. Yakan ce, "To, Maman Gift, an ji."

Ran Litinin da tsakar rana ina buga takardun jarrabawa sai waya ta yi ƙara. Saƙon da Turanci ya zo, amma ma'anarsa ita ce: kaza ɗaya ta daɗe ba ta motsa ba, sauran sun taru a kanta. Ba kazar ce ta fara zuwa mini a rai ba, Gift ce, domin da safen nan na gan ta ta zura yatsu a ragar tana kiran kajin da sunayen 'yan ajinsu. Idan murar tsuntsaye ce fa?

Na kira Baba.

"Baba, don Allah kada ka tashi. Amma ka ji wani abu daga wajen kaji?"

"Lafiyarsu ƙalau," ya ce da sauri, muryarsa kamar wanda aka tasa daga barci.

"Ka tabbata?"

"Ƙalau suke, 'yata. Yi aikinki."

Har kukansu nake ji ta wayar, da ƙarar fanka. Na ce a raina, lallai wayar nan da Jona ya saya wa Baba tana da kunne.

Da yamma na kafa doka: Gift ba za ta ƙara taka bayan gida ba. Na wanke mata hannu da sabulu har sai da ta yi kuka. Ni da Jona muka sa safar roba muka shiga, muka riƙa ɗaga kajin ɗaya bayan ɗaya, muna duba ido da baki da ƙafa. Ba wadda ta yi laushi. Sai ci suke kamar an biya su.

"Injin ƙawarki ya sha rana," in ji Jona, yana karkaɗe gashin kaza daga kansa. "Ki kai shi inuwa."

Washegari saƙon ya sake zuwa, kusan lokaci ɗaya. Haka ranar da ta biyo. Har ƙirgar ma ta rikice, sai ya ce kaji ɗari da ɗaya. Na kira Ginika, ta ce tana cikin jarrabawa, wataƙila hasken rana ne ke faɗowa kan buhu, in yi haƙuri zuwa Asabar. Jona ya ce idan akwai ƙarin kaza a nuna masa ita ya yanka.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙafar. Bandejin da nake naɗawa tsaf da safe, in na dawo sai in tarar zare ya fito ta ko'ina kamar tsohon tawul. Na tambayi Baba, ya ce bandejin zamani ba shi da ƙwari, a lokacinsu ana wanke guda a yi wata da shi. Na zargi ɓera, na zargi tururuwa saboda zumar, na janye gadon daga bango na share ƙarƙashinsa. Gefen ciwon kuwa ya fara ja, yana ɗan kumbura.

Da muka koma asibiti ranar Juma'a, Sista Ammatullahi ta warware bandejin, ta daɗe tana kallo.

"Wa yake wankewa?"

"Ni ce."

"Yadda na nuna miki?"

"Har almakashin nake tafasawa, Sista."

"To wani abu yana taɓa ƙafar nan bayan kin gama. Baba, kana yawo ne?"

"Ni? Ban taka ta ba ko sau ɗaya. Allah ne shaidata."

Ta dube shi, ta dube ni. Ta ce idan muka dawo mako mai zuwa ba ta ga canji ba, za ta tura mu babban asibiti. Muka hau keke napep zuwa gida. Ina ta lissafa abin da na yi ba daidai ba, na kasa samu.

Asabar da hantsi Ginika ta iso da jakarta a baya, ta gaida Baba da Barbarci.

"Wushe, Baba! Ya ƙafa?"

"Wushe, wushe. Tana shan zuma abinta."

Ta ciro katin, ta zauna a kan tabarma a baranda ta buɗe kwamfutarta. Jona ya jawo kujera, ni ina tsaye da Gift a goye. Hoton farko ya fito, ɗakin kajin daga sama, kowace kaza an zagaye ta da ɗan koren akwati. Ginika tana wucewa, safe, hantsi, komai daidai. Da ta kai tsakar rana sai ga jan akwati a gefen hoton, kusa da ƙofa. Cikinsa wani farin abu ne dogo, ba kai ba jela, kaji kusan goma sun kewaye shi.

"Ga marar lafiyar," in ji Ginika. Ta ƙara girman hoton. Ta sake ƙarawa. Ta kai hannu baki. "Anti Serah, kazarki tana da yatsu biyar."

Jona ya leƙa, ya saki wata dariya har ya zame daga kujera. Ginika ta kife kan kwamfutar kafaɗunta na rawa. Gift ba ta san abin da ake yi ba, amma ta taya su daga bayana.

Baba ya ce a miƙo masa tabarau. Ya saka, ya duba da kyau kamar mai karanta wasiƙa.

"Wannan ba ni ba ne," ya ce.

"Baba!"

"Ƙafata ce dai. Ni ina can kusurwa, ba a ganina."

Ni ban yi dariya ba, domin Ginika ta riga ta wuce hoto na gaba, kuma a cikinsa wata ƙatuwar kaza ta kama zaren bandejin da baki tana ja da baya. A na gaba biyu ne suke sara daidai tafin ƙafar. Na sauke Gift, na durƙusa gaban Baba. Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da na shigo gidan nan, ranar ma ban ɗaga ba.

"Baba, sara suke yi. Cikin kashinsu kake zama da ciwo a buɗe. Ba ka ji?"

Dariyar ta mutu. Baba ya sake duban hoton, wannan karon fuskarsa ta canja.

"Barci nake yi," ya ce a hankali. "Ban san suna yi ba. Na ɗauka gogar bokitin da nake zama a kai ce take tsinka zaren."

"Me ya kai ka, Baba?" in ji Jona.

"Kai ka taɓa kwanciya a ɗakina da azahar? Tanda ce. Kwanon rufin nan har magana yake yi. Na jiƙa tawul na shimfiɗa a ƙirji, kafin in juya ya bushe. Ran nan na leƙa ta taga, sai na hango kaji sun baje suna shan iska kamar manyan ma'aikata a ofis. Na ce ni da na yi shekara talatin ina hidimar coci. Na ɗauki sanda, na yi ɗingishi da ƙafa ɗaya, na kifa bokiti na zauna, na miƙe ta. Sista ta ce kada in taka, ban taka ba." Ya juya ga Ginika. "Ke kuma kin ce mini kaji kawai yake gani."

"Gaskiya na faɗa, Baba. Shi ya sa ya mai da kai kaza."

Jona ya so ya sake fashewa, na harare shi.

"Me ya hana ka faɗa mini?" na ce.

"In ce miki me? Ki cire wa kajinki fanka ki ba ni? Ina nan bara kika zauna a can kina kuka. Na ce fanka ɗaya ce, iska kuma ba ta ƙarewa, mu raba."

Na tashi na ɗauko gyale, na ce wa Jona ya tare keke. Baba ya ce ai jiya muka je. Na ce yau ma za mu je.

Allah ya taimake mu Sista Ammatullahi ce ke aiki. Jona ya nuna mata hoton a waya. Ta yi dariya har ta dafa tebur, ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani, sannan ta goge ido ta sa safar hannu. Ta daɗe tana wanke ciwon, ta gano wurare biyu ƙanana da bakin kaza ya ratsa audugar. Ta sa aka yi masa allura, likita ya rubuta ƙwayoyi na sha, ta ce a ci gaba da zumar amma safe da yamma.

"Yanzu na san abin da nake yaƙi da shi," ta ce. "Baba, da kai da kaji an raba zumunci."

"To a gaya wa rana ita ma ta raba da ni."

"Wannan aikin 'ya'yanka ne."

Aikinmu ne kuwa. Da muka dawo Jona ya je ya aro wata ƙaramar fanka mai aiki da batiri wajen abokin aikinsa Malam Kashim. Shi da Ginika suka tsuguna gaban batirin suna ta musu. A ƙarshe suka yarda da abu ɗaya: da tsakar rana batirin ba zai ɗauki fankar kaji da fankar Baba da injin Ginika a tare ba. Dole ɗaya ya sauka.

"Anti, tsakar ranar ce fa aikina gaba ɗaya," in ji Ginika. "A kan zafi nake rubutu. Idan aka kashe kyamara da rana, me zan nuna wa malamina? Kaji suna shan iskar asuba?"

"Na sani, ƙanwata. Ki yi haƙuri. Ƙafar ce gaba."

Ta turo baki, ta dubi Baba, ta dubi injinta. Sai ta tashi da kanta ta zare wayar injin daga batirin. Ta ce za ta nemo wani batiri a shagon babanta, amma sai ta lallaɓa shi, kuma babanta ba ya lallaɓuwa da wuri. Hotunan kusan mako guda ta rasa. Kullum sai ta turo mini saƙo cewa idan ta faɗi jarrabawa a gidana za ta tare, in riƙa ciyar da ita naman kaza.

Jona ya ja waya daga batirin zuwa gindin dogon yaron da ke tsakar gida. Muka fito da gadon Baba can, na ɗaura masa gidan sauro saboda ƙuda, fankar tana daidai kansa. Ni kuma na sayo kwaɗo na rufe ɗakin kajin, makullin yana cikin jakata zuwa ofis.

"Maman Gift, har da kwaɗo? Ni ɓarawo ne?"

"A'a Baba. Saboda Gift ne."

"Gift da take binki makaranta?"

Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da naɗa bandeji.

Duk da haka makon nan bai yi mini daɗi ba. Kowace safiya ina warwarewa ina neman jan nan ko ya ƙaru, ina sunsunawa ko akwai wari. Wata rana sai in ga kamar ya ragu, washegari in ce idona ne ke yaudarata. Baba kuwa ya samu duniya. Maƙwabta suka gano akwai fanka a gindin bishiyarmu, sai in dawo in tarar da tsofaffi uku sun kewaye gadon suna gardamar ƙwallo. Na ce ba laifi, amma ba mai taɓa ƙafar, ba mai kawo magani.

Ranar komawa asibiti Jona yana da darasi, sai ni da Baba da Gift. Sista ta warware a hankali. Ta kawo fitila kusa, ta danna gefen da yatsa, ta ɗauko ɗan ma'auni ta gwada faɗinsa. Ni dai fuskarta nake kallo, ba ƙafar ba.

"Matso ki gani," ta ce. "Kin ga wannan jan mai haske a gefe, kamar cikin gwaba? Sabon nama ne. Kumburin ya sauka. Ya fara haɗewa."

"Babban asibitin fa?"

"Ba inda za ku. Ku ci gaba da zuwa wajena. Da saura fa, kada ku saki jiki, irin wannan ciwon ba ya son gaggawa."

Sai a lokacin na nemi benci na zauna. Gift ta hau cinyata tana tambaya ko Kaka ya warke. Na ce ya kusa.

"Sista," in ji Baba, "yaushe zan koma coci da ƙafata? Mawaƙanmu sun lalace tun da na kwanta, har nan Gomari nake jin suna ɓata waƙa."

"Ranar da na ce."

"Wace rana ce wannan?"

"Baba, miƙo ƙafar in naɗe, akwai mutane a layi."

A cikin keke na zaunar da shi a kusurwa, na ɗora ƙafar a kan cinyata don kada ta taɓa ƙasa. Na ce wa mai keken ya bi a hankali, ya kauce wa ramuka. Ya ce a hanyar Gomari ba zai iya yin alkawarin duka biyun ba, in zaɓi ɗaya. Na zaɓi a hankali.